Taka, Riƙe, Saki

Mota ba ta ɓoye ciwonta, sai dai mai ita ya yi kunnen uwar shegu. Tawa Corolla ce 'yar Kwatano, wadda ta ga jiya ta ga yau tun kafin ta zo hannuna, kuma daga ƙarshen damina ta tsiri wani sabon hali. In na taso daga Yelwa zan je Birnin Yauri gaida Hajiya, da na ɗan sassauta hannu a sitiyari sai ta karkata dama. Kafin in isa, wani ƙauri ya cika motar. In na tsaya na kai hannu kusa da wilin gaba na dama, hucin zafi ya mare ni, na hagu kuwa lafiyarsa lau. Wata rana na tofa wa na daman yawu don gwaji, ya amsa min da cau.

Da iya wannan ne, da na yi ta maneji. Abin da ya tsone min ido fetur ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafi ya tafi, kowane ɗan albashi ya koma mai gadin allurar tanki, ni kuwa tawa allurar sauka take yi ba sallama. Birki in ya riƙe taya, inji ne ke kokawa da shi, shi kuma injin aljihuna yake tatsa. Ga shi titin da ya taso daga Kontagora ya ratsa Yauri ya nufi Koko da Jega ba wurin gwada sa'a ba ne. Tirela a gabanka, tanka a bayanka, motar albasa ta yi lodi har ta sunkuya, ga kuma rami ya lafe yana jiran mai sakaci.

Na kai ta wurin wani makanike. Ko bonet bai buɗe ba. Ya tsuguna, ya shinshina, ya ɗaga motar a jak, ya gwada juya tayar da hannu ta ƙi. Ya ce, "Malam, kalifa ce ta kama." Ya faɗi kuɗin aiki. Na ce, "To, zan dawo." Ya ce, "Allah Ya kai mu," ya koma ƙarƙashin motar da yake ciki.

Ni fa malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare. Shekara da shekaru ina zana wa yara birkin mota a allo: ga ƙaramin fistan a nan, ga babba a can, tiyo ya haɗa su, mai ya cika tsakani. Dokar Pascal ke nan, Bafaranshen nan na ƙarni na 17 da ya ce in ka matsa ruwan da ke kulle, matsin zai isa kowane lungu daidai wa daida. Na fitar da tambaya a kanta, na kayar da yara a kanta, wasu har na rubuta musu "a ƙara himma" da jan biro. Yanzu kuma mutumin da ko sunan Pascal bai taɓa ji ba shi zai karɓe min kuɗin cefane don ya kwance noti biyu? Kafin in kai gida na yanke shawara ba tare da na tuntuɓi kowa ba, don haka nake yanke duk shawarar da na san za a hana ni.

Da dare na sayi data na kalli wani Bature a YouTube. Garejinsa ta fi falona tsabta. Safar hannu shuɗiya, fitila a goshi, notuna suna kwancewa da ya taɓa su, ba ƙura, ba akuya, ba 'yan kallo. Bai kai kwata awa ba ya warware kalifa, ya duba ta, ya mayar. Ashe bidiyo yankawa ake yi, wurin gumi da tsaki duk a kwandon shara yake ƙarewa.

Asabar da hantsi na kafa gareji a gindin darbejiyar ƙofar gida. Sifanu na aro ne, jak na motar ne, duwatsu na Allah ne. Na rasa inda zan zuba notuna, sai na shiga ciki na ɗauko wani babban tire mai zanen furanni, wanda daga baya aka sanar da ni cewa cikin kayan ɗaki yake, kuma baƙi kaɗai ake fito da shi dominsu. Kafin in cire taya yaran unguwa sun yi sahu. Taubashina, wanda ba ya zuwa gidana sai ya jiyo ƙanshin miya ko na abin dariya, ya jawo benci. Sai Baba, wani dattijo Bagunge maƙwabcinmu, haifaffen tsibirin da yau yake ƙarƙashin ruwa, cikin mutum fiye da 40,000 da aka tasa daga gidajensu lokacin madatsar Kainji da aka kammala a 1968. Ya shimfiɗa buzu yana gyaran tarunsa. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Malam, mu dai jirginmu ba shi da birki, kuma ba mu taɓa kai shi gareji ba."

Wanda bai taɓa leƙa bayan taya ba, ga abin da ke wurin. Akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Kalifa wani dunƙulen ƙarfe ne mai nauyi da ya hau gefen faifan ya rungume shi ciki da waje. A cikin rungumar akwai takalman birki biyu, ɗaya daga ciki, ɗaya daga waje. Fistan kuwa ɗaya ne tak, ta ɓangaren ciki. In ka taka birki, mai ya turo fistan, fistan ya danna takalmin ciki a jikin faifai, ita kuma kalifar gaba ɗayanta ta zame a kan wasu sanduna biyu masu santsi ta jawo takalmin waje. Shi ke nan faifai ya shiga tsaka mai wuya, mota ta tsaya. Duk wannan na bayyana wa jama'a da babbar murya, ina nuni da sukudireba.

Notuna biyu masu cin sifana lamba 14 suka kwance ba gardama. Na zaro kalifa na ɗaga ta sama yara suka gani, na rataye ta da waya a jikin sifirin don kada nauyinta ya tsinka tiyo. Wannan na yi shi daidai, kuma ina so tarihi ya shaida.

Abin da na tarar ya isa a kira shi ciwo. Takalmin ciki ya cinye saura ƙiris ya kai ƙarfe, na waje kuwa ko rabi bai yi ba. Sandar sama ta zaro sumul, da sauran giris a jikinta. Ta ƙasa ta kafe ƙam, sai da na haɗa da filaya da guduma ta fito, ja jawur da tsatsa, busasshiya ƙamas. Robar da ke kewaye da bakin fistan, wadda aikinta hana ƙura da ruwa shiga, ta yage, kuma cikin yagewar laka ce ta bushe. Na gwada tura fistan baya da matsi, ya ce ba inda za shi.

Mai hankali a nan zai mayar da notunansa ya nemi makanike, yana da labarin da zai ba shi. Ni kuwa sai na ce tunda an fara, ai gara a yi mai gaba ɗaya: a cire ta hagu ma, a duba lafiyarta. Na kwance tiyon mai na dama, na zagaya na kwance na hagu, na ɗauko kalifofin biyu na dire su a tire ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Daga nan na miƙe na shiga tarihi. Na gaya wa 'yan kallo cewa irin wannan birki mai faifai wani injiniyan Ingila ne, Frederick Lanchester, ya yi masa rajista tun 1902, amma bai yi suna ba sai da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953. Ina cikin shirin ƙarasawa kan Citroën DS ta 1955, taubashina ya ce, "Injiniya, shi Lanchestan ne ya ce a bar mai ya tsiyaye a ƙasa?"

Na waiga. Tiyo biyu suna ɗiga, ɗis, ɗis, kowanne ya haƙa 'yar rijiyarsa a yashi. Na ruga na buɗe bonet, kwalbar man birki wayam. Ma'ana iska ta riga ta shiga har can cikin masta, wato famfon da ke turo mai in an taka birki. Da na je rufe bonet ɗin na dafa jikin motar da hannuna jiƙe sharkaf da mai. Man birki da fenti ba sa ga maciji. Har yau akwai yatsuna biyar a kafaɗar motar, fentin wurin ya tattare, kuma duk wanda ya tambaya nakan ce yara ne.

Saura fitar da fistan. Baturen ya ce da iska ake turo shi, a sa katako a gabansa ya tare shi, a janye yatsu. Na duba gida ban ga katakon da ya dace ba, sai idona ya faɗa kan muciya tana jingine a madafa. Kaurinta daidai, tsawonta daidai. Na soke ta a hammata, na sa kalifofin a buhu, na nufi wurin mai faci a bakin titi.

Mai facin ya juya kalifar a hannunsa ya ce, "Malam, iskata fa ta tayar tirela ce." Na ce na sani, a hankali za mu bi. Ta hagu ta ba da kai da wuri, fistan ya fito da 'yar ƙara, fot, ya tsaya a jikin muciya. Wannan nasara ita ta cuce ni. Da aka zo kan ta dama, aka hura, shiru. Aka sake hurawa, shiru. Na ce ya buɗe mata iska duka. Na sunkuya in ga ko yana motsi, na kuma sa babban yatsa in gyara zaman muciyar.

Ƙarar da ta tashi, a zamanin nan ba a tsayawa tambayar ta mece ce. 'Yan kabu-kabu uku da ke jiran fasinja suka watse ba fasinja. Mai masa ta kwanta bayan tandarta. Ni kuwa na tsinci kaina zaune a ƙasa, tsohon mai ya feshe min fuska da tabarau da gaban riga, muciya ta rabu biyu, gefen yatsana yana bugawa har cikin kunne. Mai facin bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya miƙo min ruwan leda in wanke ido, ya ce, "Sannu, Malam. Ya fito dai." Farcen ya yi baƙi kafin la'asar, ya kuma ɗauki watanni kafin ya sauya.

Da na miƙa wa uwargida muciyar gida biyu, ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Malam, ta kakata ce fa." Na ce zan sayo sabuwa ranar kasuwa. Ta ce, "Har da kakar?"

Amma a gaskiya sa'ar da na yi ina duba cikin kalifar nan ita ce mafi daɗi a duk wahalar. Na zauna a inuwa da yatsa ɗaure da tsumma, na goge fistan. Wani kofin ƙarfe ne mai sheƙi, na hagun sumul har kana ganin fuskarka, na daman kuwa tsatsa ta ci gefensa ta bar ƙananan ramuka, waɗanda farce ke sarƙewa a cikinsu. Irin wannan ba ya gyaruwa da samfefa, sai dai sabo. A cikin ramin da fistan ke zama akwai wata siririyar kwalbati da aka zana kewaye, a cikinta wani zoben roba ya kwanta. Na zaro shi da tsinken sakace. Ba mulmulalle ba ne, kusurwa huɗu gare shi.

Ga abin mamakin. Duk shekarun da na yi ina zana birki, a raina akwai wani sifirin da ke mayar da fistan baya in an ɗaga ƙafa. Na leƙa, na girgiza, na haska da tocila. Babu. Wannan ɗan zoben ne ke aikin. In fistan ya tura gaba, sai zoben ya ɗan lanƙwasa ya bi shi. In matsi ya sauka, ya miƙe ya jawo fistan baya, tazarar da ba ta kai milimita guda ba. Iyakarta ke nan, kuma ita ce bambancin tayar da ke juyawa sakayau da tayar da ke cin fetur ɗina. In tsatsa ta taru a bakin ramin, ƙarfin ƙafarka zai iya turo fistan waje, amma ɗan zoben ba shi da ƙarfin mayar da shi. Mota mai nauyin fiye da tan guda, ranka da na iyalinka a ciki, ashe amanar tana hannun robar da ba ta kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Ruwa kuwa ta hanya biyu ya shiga. Ta farko man ne da kansa. Man birki yana zuƙar laima daga iska sannu a hankali. Mai lamba DOT 3 in sabo ne, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, in kuwa ya sha ruwa ƙa'idar takan sauko 140, shi ya sa masu ƙera motoci da dama ke cewa a canza shi duk shekara biyu zuwa uku. Nawa baƙi ƙirin ya fito, kuma ina kyautata zaton tun daga Kwatano ba wanda ya dame shi. Hanya ta biyu Baba ne ya tona ta, ba tare da ya ɗago kai daga tarunsa ba. Ya ce, "Ba kai ne nake gani kana shigar da ita ruwa har rabin taya ba?" Ni ne. In ruwan sanyi ya iso, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya yi watanni a hanya, bakin kogi yakan matso kusa, ni kuma sai in ga wankin mota kyauta. In gangara da ita da birki da zafinsa, in tsoma, yara su yi ta watsa mata ruwa. Taubashina ya ce bana a rubuta sunanta a gasar jirage ta Rigata, tunda ta fi wasu jiragen sabawa da kogi.

Da magariba ta yi na tattara komai. Ƙarafa na wanke da fetur suka yi fes. Ganin haka na ce su ma robobin su ɗanɗana, na tsoma zobba da robobin ƙura a gwangwanin fetur, na ce su kwana su jiƙa. Da safe na zaro zoben, ya kumbura ya yi laɓo-laɓo kamar taliyar da ta kwana a ruwa. Na sa shi a kwalbatinsa, na danna nan ya ɓullo can. Man birki, duk da sunansa, ba dangin fetur ba ne, kuma robar da aka yi dominsa ba ta jure fetur, ko baƙin mai, ko giris na gama-gari. Baturen ya faɗi haka. A lokacin na tashi shan ruwa. Har robobin hagu, waɗanda ba su yi wa kowa laifi ba, sun tafi.

Mai sayar da kayan gyara ya ce shi bai ajiye zobba, don ba mai tambayarsu, mutane kalifa sukutum suke saye ta Beljiyam su ɗaura. Ni kuwa na riga na yi nisa, ba na jin kira. Aka yi waya Kontagora, aka ba direba saƙo. Na farkon da ya iso na wata mota ce daban.

Ana nan Corolla ta tare a kan duwatsu. Na koma hawa kabu-kabu zuwa makaranta, jakar littattafai a cinya, ɗalibai suna gaishe ni ta gefen ido. A masallaci bayan asuba sai a ce, "Malam, ya mai jiki?" in ce da sauƙi. Wata kaza ta ga wuri mai inuwa ta fara ƙwai a ƙarƙashin inji. Hajiya ta aiko daga Birnin Yauri a tambaya ko fushi nake yi. Sunan Injiniya ya bi ni har wurin mai shayi.

Da kaya suka iso na yi aiki da natsuwar wanda ya ji jiki. Na kankare tsatsar kwalbati, na shafa wa sabon zobe sabon man birki, na zaunar da shi. Robar ƙura ta ba ni wuya, sai ka sa gefe ɗaya ɗayan ya fice, amma ta shiga. Sabon fistan ya nutse da matsin tafin hannu kawai. Sanduna suka sha giris ɗin da ya dace da roba. Sababbin takalma, sababbin wosha na jan ƙarfe a bakin tiyo. Na ɗauki kalifa ɗaya daga tire na ɗaura a dama, ɗayar a hagu. Notuna suka shiga lafiya, tiyo ya kai. Na tsaya na kalli aikina, na ji tausayin makanikan ƙasar nan.

Saura fitar da iska, kuma wannan aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna a kujerar direba ya yi ta taka birki sannan ya riƙe, ɗayan ya sassauta ɗan notin fitar da iska a jikin kalifa, mai da kumfa su fito, ya ɗaure kafin na ciki ya saki. Dole ne a yi, domin mai ba ya matsuwa amma iska tana matsuwa, kuma muddin tana ciki ƙafarka ita za ta yi ta dannawa, fistan yana zaune abinsa. Taubashina ya ce ƙafarsa na ciwo. Sai na roƙi uwargida. Ta yafa mayafi ta fito, ta zauna a kujerar da ba ta taɓa zama ba.

"Taka! Taka! Riƙe!"

"Na riƙe."

"Saki!"

Haka muka yi daga la'asar. Mai yana fita tsaf, ba kumfa ko ɗaya, amma birki in an taka sai ya nutse har ƙasa. Na ƙara mai. Taka, riƙe, saki. Na aika a sayo wata kwalba. Yaran unguwa suka ɗauki abin suka mai da shi waƙa, suna tafi suna tsalle, wani yana ba da amshi. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ƙafata ta sage." Na ce saura kaɗan. Ta ce, "Tuwon dare fa? Au, na manta, ba mu da muciya."

Da duhu ya shiga na fara raba laifi. Na ce masta ce ta mutu. Na ce man jabu ne. Na ce zoben da aka kawo ba na asali ba ne. Na ma ɗan yi zargin ƙafar uwargida, amma a zuci, don ina son in kwana a ciki. Washegari muka sake, sakamako bai canza ba. Na ɗauki waya na kira makaniken nan. Ya ce, "A'a, Malam, ka dawo ke nan?" Na ce ai motar ce ba ta iya zuwa. Ya ce hannunsa da aiki, zai turo yaro.

Yaron da ya zo bai wuce shekara 13 ba. Silifas kowace ƙafa da launinta, riga ta sha baƙin mai har ba a gane asalinta, sifana ɗaya a aljihun baya. Ya rusuna ya ce, "Ina wuni, Baba." Na fara yi masa bayanin Pascal, yana cewa to, to. Ya tsuguna ya leƙa dama. Ya zagaya ya leƙa hagu. Bai taɓa komai ba. Ya ce, "Baba, ara min waya in kira Oga." Wayata kuwa tun ranar mai faci ba a jin magana sai an sa ta a sifika.

"Oga, ta dama ya sa a hagu, ta hagu a dama."

Aka yi shiru. Sai dariya ta ɓarke a cikin wayar, sannan muka ji Oga yana maimaita maganar ga duk wanda ke garejin, su ma suka ɗauka. A namu ɓangaren taubashina ya sauka daga benci ya kwanta a ƙasa. Baba ya ajiye taru, karon farko tun da aka fara.

Yaron ya nuna min da yatsa. Ɗan notin fitar da iska a saman kalifa ya kamata ya kasance. Nawa duka biyun suna ƙasa, suna kallon yashi. Iska a cikin ruwa sama take hawa, darasin da ake yi wa 'yan aji ɗaya. Wato tana can a ƙoli ta yi zamanta, mu kuma muna ta tatsar mai ta gindi, kwalba bayan kwalba. Ya sa yawu ya goge jikin ƙarfen da babban yatsa. Ga harafin R a kan wadda ke hagu, ga L a kan wadda ke dama, manya-manya, an zuba su tare da ƙarfen tun daga masana'anta. Da idon da nake hango waƙafi ɗaya da ya ɓata a takardar ɗalibi na wanke su da fetur, na goge su, na shanya su.

Ya musanya su kafin in gama wanke hannu. Daga aljihu ya zaro wani siririn tiyo irin na ƙarin ruwa a asibiti, ya sa baki ɗaya a kan notin, ɗayan a cikin gorar lemo da ɗan mai a gindinta. Bai fara da gaba ba, ya tafi tayar baya ta dama, wadda ta fi nisa da masta, ya biyo su ɗaya bayan ɗaya, yana komawa ya duba kwalba kada ta sake ƙafewa. Ni aka sa a kujera. "Baba, taka. Riƙe. Saki." Ta madubi ina hango kumfa tana bin tiyon a jere. A taya ta ƙarshe na ji birki ya taso ya tare ƙafata, tauri ƙam. Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Ashe dai ba ƙafar ba ce." Ban san yadda aka yi ta ji ba.

Oga ya ce kada in hau titi sai ya gwada da kansa. Da yamma ya zo, ya zagaya da ita, ya dawo ya dafa wilin dama ya bar hannunsa a kai. Muka zo maganar kuɗi. Ya faɗi ninkin abin da ya faɗa da farko. Na ce ai ni na sayi kaya, ni na wanke, ni na haɗa. Ya ce, "Shi ya sa, Malam. Wancan kuɗin gyara ne, wannan kuɗin gyaran gyara."

Na shiga roƙo. Ya yi ɗan tunani ya ce yana da ɗa da zai rubuta NECO, fiziks na ba shi wuya, in zan riƙa yi masa lesin da yamma to ya yafe rabi. Na amince da sauri, na ce ya turo shi gobe, da dokar Pascal ma za mu fara. Ya tashi babur ɗinsa, yaron ya ɗare baya. Har ya ɗan yi gaba sai ya ja birki ya juyo.

"Malam, a allo kawai fa. Don girman Allah kada ka nuna masa a jikin mota."